RUFE MAKARANTA LALURA CE, TSAYAR DA KARATU SAKACI NE: DARASIN ANNOBAR KORONA GA IYAYE DA MALAMAN GWANDU DA KALGO

(Matanin laccar da aka gabatar a gaban iyaye, malamai da ɗaliban sakandare na ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, Jihar Kebbi.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da cuta da magani, Wanda Ya ɗaukaka darajar ilimi da ma'abotansa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



GABATARWA

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne halin da karatun sakandare ya shiga a lokacin annobar korona, da hanyoyin karatu da aka ba ɗalibai, da yadda aka tsara sake buɗe makarantu. Wataƙila wani ya ce wannan ai tsohon zance ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar tun ranar 5 ga Mayu, 2023. Amsarmu ita ce, cutar ta lafa, amma dalilan da ke sa a garƙame ƙofar makaranta a ƙasar Kebbi suna nan, kuma sun ma ƙaru. Saboda haka maganarmu guda ɗaya ce, a kanta za mu yi ta kewayawa: lalura tana iya tilasta a rufe ginin makaranta, amma babu lalurar da ta halatta a bar yaro wata shida ba ya buɗe littafi. Al'ummar da ba ta yi tanadi tun ana zaman lafiya ba, to ranar da aka rufe makaranta karatun 'ya'yanta ma ya rufu ke nan.

ABIN DA YA FARU A SHEKARAR 2020

Ya kamata mu fara da tuna yadda al'amarin ya gudana daki-daki, domin wanda ya manta inda ya yi tuntuɓe zai sake faɗuwa a wurin.

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 18 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka yi taro a Kaduna, a ƙarƙashin jagorancin Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga ranar Litinin 23 ga Maris. Jihar Kebbi, wadda Sanata Abubakar Atiku Bagudu yake mulki a lokacin, tana cikinsu. Washegarin taron Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ita ma ta ba da umurnin rufe manyan makarantu da kwalejojinta 104, har da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke nan Gwandu. Ɗalibai suka naɗe tabarma suka koma gida da zaton hutun wata ɗaya ne.

Kwana 30 suka cika, azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, aka yi ƙaramar salla, damina ta faɗi, ƙofar makaranta tana nan a rufe. Jarrabawar WAEC da aka shirya farawa ranar 6 ga Afrilu aka ɗage ta. Ranar 8 ga Yuli Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya bayyana cewa makarantun tarayya ba za su shiga jarrabawar ba a ranar da aka sa, domin ya fi son ɗalibai su rasa shekara guda da a jefa rayukansu cikin haɗari. Kafin watan ya ƙare aka canza shawara: ɗaliban ajin ƙarshe su koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawa ta fara ranar 17 ga Agusta.

Mu ƙidaya tare. Daga 23 ga Maris zuwa 4 ga Agusta kwana 134 ne yaro yana gida. Daga 4 ga Agusta zuwa ranar da ya zauna a zauren jarrabawa kwana 13 ne kacal. A cikin waɗannan kwanaki 13 ake so ya bita lissafi da Turanci da kimiyya na shekara uku, ya kuma shiga ɗakin gwaje-gwaje ya tuna yadda ake riƙe kayan aiki. Jarrabawar hukumar NBAIS, wadda ɗaliban makarantun Larabci da addinin Musulunci suke rubutawa, ta biyo baya a ƙarshen Satumba, ta NECO kuma a watan Oktoba, inda tarzomar EndSARS ta sake katse ta.

Sauran azuzuwa kuwa sun fi haka jira. Jihohi suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya tsakanin Satumba da Oktoba, kwalejojin tarayya kuma suka buɗe ranar 12 ga Oktoba, wato bayan kimanin kwana 200. Da cutar ta sake tasowa a ƙarshen shekara, sai aka tsawaita hutun Disamba har zuwa 18 ga Janairu, 2021. Mutanen Kalgo sun ga wani ɓangaren na wannan hali da idonsu: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ta zama kango na tsawon watanni, saboda annoba ta haɗu da yajin aikin malaman jami'a wanda ya kai daga Maris har Disamba.

Abin lura a nan shi ne maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, wadda ta rufe makarantunta a cikin Maris kamar mu, amma ta buɗe ranar 1 ga Yuni. A ɗaya gefen kuma ƙasar Yuganda ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai a Janairun 2022. Wannan ya nuna mana cewa tsawon rufewa hukunci ne na mutane, wanda ake iya aunawa a gyara.

HANYOYIN KARATU DA AKA BA ƊALIBAI

A lokacin kullen an ambaci hanyoyi guda huɗu da yaro zai ci gaba da karatu daga gida.

Ta farko ita ce intanet. Makarantun kuɗi na manyan birane sun koma koyarwa ta Zoom da WhatsApp, ma'aikatar ilimi ta tarayya kuma ta sa darussa a shafinta. Wannan hanya tana bukatar abu huɗu a lokaci ɗaya: babbar waya ko kwamfuta, kuɗin data, wutar caji, da sabis mai ƙarfi. Duk wanda ya san Dalijan da Dodoru da Kambaza, ko Diggi da Zuguru da Dangoma, ya san gidaje nawa ne suka haɗa waɗannan huɗun. Gidan da ke da wayar ma ta maigida ce, da ita yake fita kasuwa ko fadama tun da safe.

Ta biyu ita ce talabijin, wadda ke rataye a wuyan wutar lantarki. Ta uku ita ce rediyo, kuma ita ce ta fi kusa da talaka, jihohin Arewa da dama sun sa darussa a gidajen rediyonsu. Sai dai rediyo yana da iyaka. Ba ya jin tambaya, ba ya duba aikin gida, ba ya zana alwatika a kan allo. Malamin da ke koyar da lissafi ta iska ba ya ganin fuskar yaron da ya ɓace tun a layi na biyu. Ta huɗu ita ce takarda, wato a buga darasi a raba wa ɗalibai su tafi da shi gida. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, ita ce kuma aka fi yin watsi da ita, domin an sallami yara cikin gaggawa, da yawansu ko littafin karatu na kansu ba su da shi.

Wannan matsala ta game duniya. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a tsakiyar annobar ɗalibai kimanin biliyan 1.6 ne rufe makarantu ya shafa. A watan Agustan 2020 asusun UNICEF ya bayyana cewa aƙalla yara miliyan 463, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na 'yan makarantar duniya, babu wata hanyar karatu daga nesa da ta isa gare su. Manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport, wadda gwamnatin tarayya ta yi da haɗin gwiwar UNICEF da kamfanin Microsoft, ba a ƙaddamar da ita ba sai a Maris na 2022, bayan an daɗe da komawa aji.

Game da sake buɗewa kuwa, a watan Yulin 2020 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da ƙa'idoji masu ma'ana: a raba aji gida biyu, wasu da safe wasu da rana, ko wasu yau wasu gobe, ko a yi karatu a fili a ƙarƙashin inuwa, a tanadi ruwa da sabulu, a sa takunkumi, a ba da tazara tsakanin kujeru. Takardar ba ta da aibu. Amma ajin da yara suka cika maƙil har wasu na zaune a ƙasa, ina tazara za ta fito? Makarantar da ba ta da rijiya ko famfo, da wane ruwa za a wanke hannu sau biyar a yini? Annoba ta tone abin da ya daɗe a binne.

WA YA ƊAUKI ASARAR?

Wanda ya dubi sakamakon WAEC na 2020 zai ga kashi 65.24 cikin ɗari na waɗanda suka zauna sun sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, alhali a 2019 kashi 64.18 ne. Sai ya ce ashe ba a yi asarar komai ba. Wannan lissafi yana ƙidaya waɗanda suka zo zauren jarrabawa ne kawai, a faɗin ƙasa baki ɗaya, birni da ƙauye a haɗe. Ba ya ƙidaya wanda bai dawo ba.

Su wane ne ba su dawo ba? Akwai saurayin da ya shiga noman shinkafa, ko ya kama acaba, ko ya bi motar albasa daga Aliero zuwa Kudu, ya ɗanɗana kuɗin hannunsa, zaman aji ya fita ransa. Akwai yarinyar da take aji huɗu ko biyar, zama ya yi tsawo, babu wanda ya san ranar buɗewa, aka ɗaura mata aure ba tare da an yi sharaɗin ci gaba da karatu ba. Aure sunna ce mai albarka, kuma ba ya hana ilimi idan iyaye da miji sun so. Amma garin da ke kukan rashin likita mace da ungozoma da malama, ya kamata ya san cewa daga waɗannan azuzuwan ne suke fitowa. Akwai kuma malamin makarantar kuɗi da ta Islamiyya wanda albashinsa ya tsaya ranar da kuɗin makaranta ya tsaya, ya nemi wata sana'a, bai koma allo ba.

Sannan a daminar wannan shekarar ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Uban da ruwa ya share masa gona a watan Satumba, shi ne aka ce ya sayi yunifom da littattafai da takunkumi a watan Oktoba. Ga kuma yaran da aka ciyar gaba zuwa aji na sama alhali zango guda ko fiye ya wuce su. Lissafi da kimiyya da nahawu gini ne, wanda aka tsallake masa tubali a ƙasa zai yi ta ganin tsaga a sama har ya gama makaranta.

Ƙasashen Gini da Laberiya da Saliyo sun riga mu ɗanɗana wannan a lokacin cutar Ebola ta 2014 zuwa 2015. A Saliyo makarantu sun yi kimanin wata tara a rufe, kuma 'yan mata masu yawa ba su koma ba. Darasin yana nan a rubuce shekara biyar kafin korona.

MA'AUNIN SHARI'A

'Yan'uwa masu sauraro, kada a fahimci cewa muna zargin wanda ya rufe makaranta a watan Maris na 2020. A lokacin ba a san cutar ba, babu riga-kafi, asibitocinmu kuma mun san ƙarfinsu. Guje wa annoba karantarwar addininmu ce. Lokacin da Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham, ya isa Sargu aka ba shi labarin annoba, sai ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, sannan ya juya da mutane. Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya zo ya tabbatar masa da cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. A annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan hijira, wadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.), Amru ɗan Asi (R.A.) ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah Ya kawo sauƙi. Hafiz Ibnu Hajar, a littafinsa Bazlul Ma'un, ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka yi gangami a fili a annobar shekarar 833 bayan hijira, mace-mace suka ƙaru bayan taron. Saboda haka raba cunkoso a lokacin annoba ba raunin tawakkali ba ne.

Amma malaman Usulu sun koyar da mu cewa shari'a ta zo ne don kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rufe makaranta kiyaye rai ne, karatu kuma kiyaye hankali ne da addini. Idan biyu suka yi karo, rai ne a gaba. Sai dai akwai ƙa'idoji biyu na fiƙihu da suke iyakance wannan. Ta farko, lalura ana auna ta ne gwargwadonta. To haka rufewa, ana yin ta gwargwadon wuri da lokacin da cuta take, ana kuma sake dubawa a kai a kai. Ta biyu, abin da ya sawwaƙa ba ya faɗuwa saboda abin da ya gagara: wanda ya kasa tsayuwa a salla yana yin ta a zaune, ba a ɗauke masa ita. Idan tara yara ɗari a ɗaki ɗaya ya gagara, tara yara takwas a ƙarƙashin bishiya bai gagara ba. Ibnu Khaldun ya rasa iyayensa da manyan malamansa a annobar shekarar 749 bayan hijira a Tunis yana saurayi, bai ajiye alƙalami ba, ga shi har yau duniya tana cin moriyar iliminsa.

ƘOFAR MAKARANTA ZA TA SAKE RUFUWA

Ba fata muke yi ba, abin da ya gudana ne yake faɗa mana. Muna zaune a yankin da sanƙarau ke zagayowa da zafin bazara. Dattawa suna tune da annobar 1996 wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Arewacin Nijeriya. Ta dawo a 2017 ta taɓa Zamfara da Sakkwato da Kebbi. A watan Maris na 2025 gwamnatin jiha ta sanar da rasuwar mutum 26, mafi yawansu daga nan ƙaramar hukumar Gwandu, sannan Jega da Aliero, har aka sallami ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Aliero. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sanƙarau kuwa, saɓanin korona, ya fi kama yara da matasa, kuma ɗakin kwanan ɗalibai mai cunkoso da rashin iska shi ne wurin da ya fi so.

Ga kuma matsalar tsaro. An sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, a Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, sannan a makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwambar 2025. Kowane hari yana jawo rufe makarantun da ba a taɓa ba. Idan aka haɗa da ambaliya da yajin aiki, za a ga cewa yaron da ya shiga aji ɗaya na sakandare da wuya ya kai aji shida ba a katse masa karatu ba.

GADON DA MUKE ZAUNE A KANSA

Mutanen Gwandu ba sa bukatar a yi musu aron misali daga nesa. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta sauka wannan gari a 1805 cikin yaƙi da yunwa da ƙaura, amma darasi bai tsaya ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan tare da mu, ya yi rubuce-rubucensa ne a tsakanin waɗannan wahalhalu, har ya bar mana tafsirin Liya'ut Tawili da sauran littattafai masu yawa. Makarantarsu ba gini ba ce, duk inda malami ya shimfiɗa buzu nan ce makaranta.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fuskanci matsala irin tamu sak: mata a ƙauyuka masu nisa waɗanda ba za su iya zuwa gaban malami ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata masu amana, ana kiran kowace jaji, ta koyar da su, ta tsara darasi a cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda da harshen da mutane ke ji, su kuma su koma garuruwansu su koyar. Wannan shi ne karatu daga nesa, ba lantarki ba waya. Sirrinsa abu uku ne: darasi gajere a tsare, amintaccen mutum a kusa da ɗalibi, da komawa ga babban malami lokaci lokaci.

Binciken zamani ma ya ƙarfafa wannan. A ƙasar Botsuwana, a lokacin kullen 2020, an gwada aika wa iyayen 'yan firamare tambayoyin lissafi ta gajeren saƙo a ƙaramar waya, tare da kiran malami sau ɗaya a mako na 'yan mintoci. Yaran da aka haɗa musu saƙo da kira sun fi sauran ci gaba. Muryar mutum mai bibiya ita ce ta yi aikin.

SHIRIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Na farko, rajista. Kowace unguwa da kowane ƙauye su rubuta sunayen 'yan sakandarensu, aji aji, maza da mata, su kuma rubuta waɗanda za su iya koyarwa: malaman da suka yi ritaya, masu NCE da digiri da ke zaune ba aiki, ɗaliban jami'a da ke hutu, da matan aure masu ilimi. Ƙungiyar iyaye da malamai ita ta fi dacewa ta riƙe wannan littafi.

Na biyu, takardun ko-ta-kwana. A farkon kowane zango malaman Turanci, lissafi, kimiyya da Larabci su tsara aikin mako huɗu a taƙaice, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Ranar da aka ce a tashi, kada yaro ya fita ƙofa sai da takardarsa a hannu.

Na uku, halƙoƙi ƙanana. Yara shida zuwa goma, a fili mai iska, awa biyu a rana, kwana huɗu a mako, 'yan mata a cikin gida a hannun malama. Rumfunan makarantun Islamiyya da harabar masallatai suna zaune babu kowa da hantsi. Sharaɗi shi ne a nemi izinin jami'an lafiya da hukuma tukuna. Idan suka ce ko wannan ma akwai haɗari, sai a koma ga takarda da waya, jagora ya karɓi aiki a ƙofar gida ya duba ya mayar.

Na huɗu, rediyo da memori. Idan gidan rediyo ya sa darasi, a saurara tare da jagora wanda zai amsa tambaya bayan an gama. Yadda ake tura karatun tafsiri daga waya zuwa waya ba tare da data ba, haka za a iya tura darasin kimiyya da malamin garin ya ɗauka da muryarsa, da Hausa inda ya kamata.

Na biyar, asusu. Mai buhu ɗari ya ba da buhu, mai tiya ya ba da tiya a lokacin kaka, a ajiye don kuɗin buga takardu da ɗan alherin masu koyarwa, musamman malaman da albashinsu ke yankewa.

Idan kuma aka zo buɗewa, abu huɗu ne. A fara da ajin jarrabawa, a ba su lokaci mai isa. A yi wa kowane aji gwaji a makon farko don a san inda yaro ya tsaya, a koyar daga nan, ko da manhaja ta ce an wuce wurin. A ɗauki rajistar nan a bi gida gida, duk kujerar da ta kwana bakwai babu mai ita a je a ji dalili, liman da mai unguwa su shiga maganar. Sannan a gyara ruwa da tagogi da makewayi, a rage cunkoson ɗakin kwana, a kai yara riga-kafi. Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar a 2024. Uban da aka kawo wa riga-kafi ya hana ɗansa, ya san cewa amana ce za a tambaye shi.

KIRA GA HUKUMA

Muna kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, cikin ladabi da nasiha, da su rubuta tsarin rufewa da buɗewa tun yanzu su sanar da jama'a: wane adadin masu cuta ne zai sa a rufe, wa zai yanke hukunci, kuma bayan kwana nawa za a sake zama a duba. Cutar da ta ɓulla a gunduma ɗaya kada ta rufe makarantun ƙananan hukumomi 21. A kuma riƙa faɗa wa iyaye gaskiyar lokaci, domin rashin sanin ranar komawa shi ya fi komai karya gwiwar iyaye a 2020. Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, wanda aka zaɓa gwamna a 2023, shi ne shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa a lokacin korona, saboda haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

KAMMALAWA

Ya ku iyaye, gwamnati tana da makullin makaranta, amma yaron naku ne, ku za a fara tambaya a kansa. Ya ku malamai, ladan darasin da aka bayar a lokacin tsanani ya fi na lokacin yalwa. Ya ku ƙannenmu ɗalibai, ranar da aka ce an rufe makaranta ba a ce an rufe littafi ba. Ku sa wa kanku awa biyu bayan sallar asuba, ku riƙe ta kamar wuridi. Muna roƙon kowace unguwa da ta sami wakili a wannan zama, kada wata ya ƙare ba ta buɗe littafin rajistarta ba.

Allah Ya kare mu daga annoba da fitina, na fili da na ɓoye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.